Jan Bijimin 'Ya'yan Zikri

An ce wai a zamanin da Haikalin Bani Isra'ila yake tsaye a birnin Ƙudus, an yi wani makiyayi mai suna Zikri a wani ƙauye na kan duwatsu, tafiyar kwana biyu daga birnin. A farfajiyar Haikalin nan akwai bagade, wato babban dakalin dutse da ake ƙona hadaya a kansa, wutarsa kuwa ba a barinta ta mutu. A addinin mutanen, idan mutum ya yi wa Ubangiji alwashin hadaya ta ƙonawa, sai ya kawo namijin dabba lafiyayye marar aibi, a yanka, a feɗe, a ɗora shi gaba ɗaya a kan wuta. Mai shi ba ya ɗanɗana ko tsoka ɗaya. Ba ya komawa gida da komai sai ƙaurin hayaƙi a rigarsa.

Zikri yana da 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne Hananel, mutum mai kaifin kai da son a san da shi, wanda ya fi daɗewa a hanya da ayarin ulu fiye da zama a gida. Ƙaramin kuwa Elyada, mai sanyin magana, wanda bai taɓa yin nisa da garken ubansa ba.

Wata shekara ruwa ya ƙi sauka a lokacinsa. Ciyawa ta ƙone, rijiyoyi suka ja baya, shanu suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai Zikri ya tsaya a tsakiyar garke, 'ya'yansa biyu suna ji, ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Ubangiji, in ka saukar da ruwa garken nan ya tsira, bijimin da ya fi kowanne kyau a cikinsa naka ne. Ni da kaina zan kai shi bagadenka a Idin Bukkoki."

Ruwa ya sauka, garke ya tsira. Amma kafin idin ya zo ciwo ya kwantar da Zikri. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya kira dattawan ƙauye ya raba abin da ya mallaka. Hananel, da yake shi ne ɗan fari, ya sami gida da garke. Elyada ya sami gonar sha'ir da ke gefen dutse, da wani jan bijimi ɗan shekara uku. Bijimin nan uwarsa ta mutu tun yana ɗan maraƙi, Elyada ne ya rene shi da nonon akuya, ya koya masa jan garma, har ya zama in ya ji muryarsa daga nesa sai ya ɗaga kai ya amsa.

Zikri ya rasu Hananel yana bakin teku wajen cinikin ulu. Bai iso gida ba sai bayan kwana tara da binnewa.

Babu wanda ya zarge shi a fili. Amma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, "Elyada ya yi ƙoƙari. Shi ya yi jinya, shi ya rufe wa tsoho ido." Kowace kalma tana sauka a ƙirjin Hananel kamar garwashi. Yana son ubansa, kuma ya san bai nuna ba sa'ad da ake bukata. Sai ya shiga neman wani abu babba da zai yi wa marigayin, abin da duk ƙauye zai gani ya shaida cewa shi ma ɗa ne. Nan ya tuna da alwashin.

Ya shiga garke ya duba bijimansa goma sha biyu. A cikinsu akwai wani baƙi mai faɗin ƙirji, wanda duk makiyayin da ya gan shi sai ya tsaya ya sake kallo. Hananel ya daɗe yana dubansa. Daga nan ya waiwaya gefen dutse, ya hangi ƙanensa yana sosa wa jan bijimi wuya, yana yi masa magana kamar mutum. Wani abu ya motsa a zuciyarsa, bai tsaya ya tambayi kansa mene ne ba. Ya dai ce a ransa, ai jan nan ya fi sheƙi.

Matarsa Tirza ta ji yana shirin kai jan bijimin ƙanensa hadaya, ta ce, "Maigida, kana da goma sha biyu, shi yana da ɗaya tak. Ruwan farko yana sauka bayan idi. Da me zai yi huɗa?"

Ya ce, "Baba cewa ya yi wanda ya fi kyau. Bai ce wanda ya fi sauƙin bayarwa ba."

Ta ce, "To ka kalli baƙin nan ka gaya mini jan ya fi shi."

Ya juya ya fita.

Ya tarar da Elyada yana gyaran garma a gindin zaitun, ya faɗa masa. Elyada ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali ya ce, "Yaya, Baba da bakinsa ya ba ni shi, a gaban dattawa."

"Ya ba ka abin da ya riga ya ba Ubangiji. Ciwo ne ya mantar da shi. Ko so kake ya kwanta a kabari da alwashi a wuyansa saboda gonar sha'irinka?"

Elyada ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ba zan yi jayayya da kai a kan sunan Baba ba. Mu kai shi Haikali. Abin da aka yanke, na bi."

Da idi ya zo suka bi ayarin masu ziyara, bijimin yana biye da Elyada ba tare da an ja igiya ba. A kwana biyun nan 'yan'uwan ba su ci abinci a akushi ɗaya ba.

A Haikali akwai firistoci, su ne masu hidimar bagade, su ne kuma suke yanke hukunci a kan alwashi da hadaya. Wanda aka kai su gabansa wani tsoho ne mai suna Malkiya, wanda ya shekara arba'in yana duba dabbobin hadaya, har aka ce tafin hannunsa ya fi idon wasu gani. Yana zaune a inuwar shirayi, jama'a sun kewaye shi, cikinsu har da mutanen ƙauyen su Hananel.

Malkiya ya saurari kowannensu har ƙarshe. Ya tashi ya buɗe bakin bijimin ya duba haƙora, ya duba idanu, ya ɗaga kofatai ɗaya bayan ɗaya, ya shafa bayansa tun daga tozo har wutsiya. Bai sami aibi ba. Ya ga kuma yadda dabbar take cusa hancinta a hammatar Elyada, ya ga kantar garma a tafin mutumin. Sai ya koma ya zauna yana nazari.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. In ya ce a mayar da bijimin gida, za a ce firist ya fifita gonar mutum a kan alwashin Ubangiji, gobe kuma kowa ya sami hujjar riƙe abin da ya yi alkawari. In ya ce a ƙona, ya aika da mutum gida hannu wofi a bakin damina, da sunan ibada. Hananel ya ga nazarin ya yi tsawo, ya ɗauka nasara ce take tafe.

Malkiya ya ɗago ya ce, "Ɗana Hananel, ni ban ga garkenka ba, kai ka san shi. Ka tabbata babu wanda ya kai wannan a cikinsa?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Ko kusa?"

Hananel ya ji idon mutanen ƙauyensu a kansa, ya ɗaga murya ya ce, "Ko kusa. In aka haɗa uku mafiya kyau a garkena, ba su kai wannan shi kaɗai ba."

"Uku?"

"Uku, ranka ya daɗe. Kowa ya ji."

Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "To kowa ya ji. Ga hukunci. Mahaifinku ya yi alwashi tun dukiyarsa tana dunƙule, kafin ya raba. Saboda haka nauyin alwashin yana kan dukiyar gaba ɗaya, ba a kan rabon ƙarami kaɗai ba. In wannan ne mafi kyau, na Ubangiji ne, za a ƙona shi. Amma mahaifinku bai yi nufin ɗansa ya tashi da gona babu abin huɗa ba. Abin da aka cire daga hannun Elyada, daga garke za a mayar masa, daidai da darajarsa. Darajar kuwa ba ni na yanka ba, kai ka yanka: bijimai uku mafiya kyau. Sa'an nan ka sani, wanda dabba take hannunsa shi ne yake ɗora hannu a kanta a gaban bagade. Elyada ne zai cika alwashin ubanku."

Jama'a suka ɗauki guna-guni, wasu suna murmushi. Hananel ya matso gaba da sauri. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai magana ce kawai. Mutum yakan ƙara gishiri."

Malkiya ya ce, "Na sani, ɗana, shi ya sa ban rufe maganar ba. In ka ƙara gishiri ne, to wataƙila akwai wanda ya kai shi ko ya fi shi a garkenka. In haka ne, faɗi. Sai alwashin ya koma kan wancan, ka je ka kawo shi. Idi kwana bakwai ne, gidanku tafiyar kwana biyu, lokaci bai ƙure ba. Kai za ka ɗora hannu a kansa da sunan ubanka, ƙanenka ya koma da nasa, kai kuma ɗaya kaɗai ya fita daga garkenka. Hanya biyu ke nan, dukansu halal ne. Zaɓi yana bakinka."

Elyada ya ɗago kai ya dubi wansa, karo na farko tun da suka baro gida. Bai roƙe shi ba, dubansa kawai yake yi.

Hananel ya ga baƙin bijimin a zuciyarsa sarai kamar yana gabansa. Maganar ta hau har maƙogwaronsa. Amma ga dattawan ƙauye a tsaye, ga waɗanda suka yi ta yabon Elyada a zaman makoki, ga baƙi daga garuruwa. In ya faɗa, ya shaida da bakinsa cewa ya jawo ƙanensa tafiyar kwana biyu a kan ƙarya, kuma labarin zai riga shi isa gida. Ya auna bijimai uku, ya auna kunyar yini ɗaya, sai kunyar ta fi masa nauyi.

Ya ce, "Abin da na faɗa, na faɗa. Wannan ne mafi kyau."

Malkiya ya ce, "To gobe da safe."

Da hantsi aka shigar da bijimin farfajiya. Lawiyawa, masu waƙar Haikali, suna rera yabo a kan matakala. Elyada ya kai shi arewacin bagade, inda ake yanka. Dabbar ta ji ƙaurin jini ta fara toge ƙafa, amma da ya yi mata magana a kunne sai ta natsu ta bi shi, kamar yadda ta saba binsa zuwa gona. Wannan ne abin da Hananel bai taɓa mantawa ba: ba a sa ƙarfi ba, yarda ce ta kai bijimin wurin wuƙa.

Elyada ya ɗora hannuwansa biyu tsakanin ƙahonin, ya jingina da dukan nauyinsa yadda aka saba, ya ce, "Ya Ubangiji, wannan alwashin bawanka Zikri ne. Ka karɓa." Muryarsa ba ta yi rawa ba, hawaye ne kawai suke bin gemunsa.

Aka yanka. Wani firist ya tari jinin a tasa ya watsa a kusurwoyin bagade. Aka feɗe, aka ware fatar gefe domin rabon firistoci ce, aka yanyanka naman gaɓa-gaɓa, aka wanke kayan ciki da ƙafafu da ruwa, aka barbaɗa gishiri. Firistoci suka jeru ba takalmi, kowa da abin da ya ɗauka, suka hau gangaren bagade suka jera a kan itacen da ke ci. Kitse ya kama, wuta ta tashi, hayaƙi ya miƙe sama.

Hananel yana can baya cikin 'yan kallo. Ya yi wata biyu yana kwatanta wannan safiya a ransa, yana ganin kansa a gaba, mutane suna cewa ɗan fari ya fitar da ubansa kunya. Ga safiyar ta zo, babu mai kallonsa. Ya nemi sanyin da ya zaci zai ji a ƙirjinsa, bai samu ba.

Da jama'a suka watse, ya ga Malkiya yana wanke hannu a bakin kwatarniyar tagulla. Ya matsa ya ce da ɗaci, "Ranka ya daɗe, ka yi mini tarko."

Tsohon ya ce, "Tarkon don ƙanenka na ɗana shi, don kada ya kwana da yunwa, kuma ya kama. Kai kuwa ƙofa na buɗe maka. Shekara arba'in ina tsaye a nan, na ga masu kawo bijimi, na ga masu kawo 'yan kurciyoyi biyu don iyakar ƙarfinsu ke nan. Wuta ba ta bambanta su, duk toka take mayarwa. Abin da mutum ya ciro daga jikinsa shi ne hadayarsa. Jiya an nemi ka ƙona abu ɗaya wanda naka ne na kanka, girman kai, ka hana. Alwashin ubanka ya cika, wannan kam babu shakka. Amma ban ji daɗin hukuncin nan ba, ɗana. Na so a ce ka fi ni wayo."

Da suka koma gida, Hananel ya ware bijimai uku da hannunsa, har da baƙin, ya kora su zuwa gefen dutse. Elyada ya dubi baƙin, ya dubi wansa, ya ce, "Na karɓa, tunda hukunci ne."

Ya yi huɗa, gona ta yi kyau. Bai taɓa ɗaga wa wansa murya ba, bai kai ƙararsa wurin kowa ba, in sun haɗu a hanya yakan gaishe shi da ladabi. Sau da yawa Hananel yakan kama hanyar gefen dutse da maganar a bakinsa, sai ya tsaya a rabi ya ce gobe. Bayan shekara biyu Elyada ya sayar da gonar, ya kwashe iyalinsa ya koma arewa, garin dangin matarsa, tafiyar kwana shida.

Garken Hananel ya yi ta yaɗuwa. Kowace shekara yakan kai bijimi Haikali, mafi kyau na gaskiya, ya ɗora hannu, ya tsaya har wuta ta cinye. Mutane suna yaba ibadarsa. Shi kuwa yakan dawo yadda ya tafi.

Sai da shekara ashirin da uku ta wuce, Tirza ta rasu, gemunsa ya yi fari, sa'an nan ya ɗaura wa jaki kaya ya nufi arewa. Ya sami ƙanensa zaune a ƙofar gida yana saƙar igiya, shi ma ya tsufa. Elyada ya tashi ya tarbe shi, aka kawo ruwan wanke ƙafa, aka kawo gurasa da man zaitun. Wasu magidanta biyu suka zo suka gaishe da baƙon cikin girmamawa suka wuce. 'Ya'yan Elyada ne, ba su san ko wane ne shi ba.

Hananel ya kasa cin abincin. Ya ce, "Elyada, baƙin ya fi shi. Na sani tun kafin mu bar gida."

Elyada ya ci gaba da murza igiyarsa na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Na sani, Yaya. Duk ƙauye sun sani. Tsohon firist ɗin nan ma, da bai taɓa ganin garken ba, ya sani. Ba labari nake nema a wurinka ba a ranar. So nake in ji ka zaɓe ni."

"Ka yafe mini."

"Na yafe tun da daɗewa, ba don haka ba da ban iya barci ba. Yafiya tana hannuna, na ba ka. Amma shekarun nan ba sa hannuna. Da 'ya'yanmu sun tashi a tsakar gida ɗaya. Da ni na riƙe ka ranar da aka binne Tirza. Wannan ban san wanda zai mayar mana ba." Ya tura masa akushin ya ce, "Ci abinci, Yaya, ka sha hanya."

Hananel ya ci, yana kuka. Ya kwana uku a gidan, aka yi masa duk abin da ake yi wa baƙo mai daraja, a rana ta huɗu ƙanensa ya raka shi har bakin gari. Ba su sake ganin juna ba.

Masu ba da wannan labari sukan tsaya a nan su ce: hukuncin mai hikima yana iya mayar wa mutum da haƙƙinsa, amma ba ya iya faɗar gaskiya a madadin wanda ya ƙi faɗarta. Wanda kuwa ya miƙa wa Ubangiji abin da ya fizge daga hannun ɗan'uwansa, biyu ya ƙona a wuta ɗaya, dabbar da zumuncin, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu garke yake sake haifarwa.